Ta'aziyyar Mai Rai: Jinyar Ciwon Daji a Gidan Kirista

Yau filin namu zai tsaya bisa wata cuta wadda mutanenmu ba su son kiran sunanta, watau ciwon daji, wanda waɗansu ke ce wa sankara. Za mu dube ta daga wajen mai jinya: me yake riƙewa a zuciyarsa sa'ad da likita ya gama magana, dangi suka watse, dare ya yi tsawo? Abin da zan kawo muku na gan shi da idona a cikin dangina, wurin ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Inna. Ita Kirista ce, ni kuwa Musulmi. Na rubuta abin da na gani da abin da ta gaya mini, domin ina tsammani akwai amfani a ciki ga kowane gida.

Ranar da aka gaya mata

Inna tana zaune a wani ƙauye na jahar Maraɗi. Tun tana ƙarama kakanmu ya ba da ita riƙo a gidan wani ƙanensa wanda ya karɓi addinin Kirista. Can ta tashi, can ta yi aure, ta haifi ɗiya shida. Zumunci bai taɓa yankewa tsakaninmu ba. Da salla takan zo da ƙwaryar fura, da Kirsimeti mukan je mu ci tuwonta.

Ta fara jin wani ɗan ƙullutu a mamanta na hagu, bai fi ƙwallon magarya ba. Da yake ba ya yi mata zafi, sai ta yi shiru, har shekara ta kewayo. Da ya girma, aka kai ta wurin wani mai maganin gargajiya, ya ba ta na shafawa da na sha, ya karɓi akuya. Sai da wurin ya fashe ya zama gyambo, ɗiyarta ta ga jini a zane, sa'an nan magana ta fito. Daga likitar ƙauye aka tura su Maraɗi, daga Maraɗi aka turo su Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, suka sauka a gidana.

Aka yanki ɗan nama aka kai awo. Ranar da sakamako ya fito, ni ne na shiga da ita. Likita ya yi bayani da Faransanci, ya dube ni don in mayar mata. Aikina ke nan kullum a ma'aikata, mayar da magana daga wannan harshe zuwa wancan, amma ran nan kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Na ce mata: "Inna, sun ce akwai sauran aiki a gaba." Ta dube ni, ta ce: "Ɗana, faɗa mini sunansa. In ban san sunansa ba, da me zan kai ƙararsa gaban Ubangiji?" Na faɗa mata. Ta yi shiru kaɗan, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce in tambayi likita yaushe za a fara.

Mene ne wannan ciwo?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san abin da muke magana a kai. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Kowace tana da lokacin haihuwa da lokacin mutuwa. Ciwon daji yana farawa ne sa'ad da waɗansu daga cikinsu suka ɓata, suka dinga hayayyafa ba tsayawa, har su zama ƙari. In an bar su, sai su bi jini da sauran hanyoyin jiki su kafa a wani wuri, kamar ƙashi, ko huhu, ko hanta. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. Ba a kuma ɗaukarsa ta wurin cin abinci tare, ko gaisawa, ko wanke wa mai shi tufafi.

Tun shekarar 1992 ake rubuta masu wannan ciwo a wani kundi na musamman a Yamai. Daga cikin waɗanda suka fi yawa a ƙasarmu akwai dajin mama, da na bakin mahaifa, da na hanta. Na bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ke jawo shi, wadda ake ɗauka wajen saduwa. Na hanta kuwa yawanci yana bin bayan ciwon hanta mai suna hepatit B, kuma gujiya ko masara da ta yi fumfuna a rumbu tana ƙara haɗarinsa.

Manyan hanyoyin magani uku ne: fiɗa don a cire ƙarin, da magani mai ƙarfi da ake sa wa ta jijiya, wanda ake kira shimiyo, da gashi da hasken na'ura. Dā, mai bukatar gashi sai an fitar da shi ƙasar waje, in yana da hali. A shekarar 2021 aka buɗe sashen gashi a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji a Yamai, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Tun a 2007 kuma gwamnati ta ɗauki dokar yi wa mata jinyar dajin mama da na mahaifa kyauta. Amma doka ba ta biyan kuɗin mota, da masauki, da abincin mai jinya da na mai zama da shi. Wannan kaya a wuyan dangi yake.

Dajin mama, in an kama shi da wuri, sau da yawa ana warkewa. Na Inna an same shi ya yi nisa. Aka yi mata shimiyo kowane mako uku, aka cire maman, aka yi gashi. Bayan watanni, hoto ya nuna ya taɓa ƙashin baya. Likita ya ce ana iya tare shi, a rage masa gudu, amma ba a yi mata alkawarin warkewa ba.

Kalmar da ta ba ni mamaki

Kiristoci ba su da yawa a ƙasar nan. Bisa ƙidayar jama'a ta 2012 ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ƴan mishan na SIM sun fara zama a Damagaram a 1924, daga baya suka kafa a Tsibiri da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Littafi Mai Tsarki kuwa an buga shi dukansa da Hausa tun 1932. Saboda haka Kiristan ƙauye irin Inna da Hausa yake addu'a, da Hausa yake karatu. Ita ma ba ta shiga lakkwal ba. Ta koyi karatu tana da ɗiya uku, a ajin yaƙi da jahilci, kamar da yawa daga cikinku.

Wata rana da la'asar waɗansu mata huɗu na majami'arsu ta nan Yamai suka yi sallama a gidana. Suka ce sun zo yi wa Inna ta'aziyya. Gabana ya faɗi, har matata ta ɓata rai, domin a wurinmu ta'aziyya gaisuwar mutuwa ce, ga shi kuwa Inna tana zaune bisa tabarma da ranta. Sai daga baya na gane cewa a bakin Kiristoci wannan kalma ta fi haka faɗi. Suna nufin sanyaya zuciyar duk wanda ke cikin wahala, da tsayawa kusa da shi don kada ya faɗi. A wurinsu mai rai ma ana yi masa ta'aziyya, kuma suna cewa asalin mai yin ta Allah ne da kansa.

Na tambaye ta a kan haka. Ta ce mini ɗaya daga cikin sunayen da suke kiran Yesu Almasihu da shi Imanuwel ne, ma'anarsa Allah yana tare da mu. Bangaskiyarsu ita ce Allah bai tsaya daga nesa yana kallon wahalar mutane ba. Sun gaskata Almasihu ya san yunwa, da gajiya, da zafin jiki, ya san kuma daren da ya roƙi almajiransa uku su zauna a faɗake tare da shi a lambun Getsamani, barci ya kwashe su. Ta ce: "Wanda ya taɓa kwana shi kaɗai da baƙin ciki, ba sai na yi masa dogon bayani ba." A wannan wuri imanina da nata sun sha bamban, ita ta sani, ni ma na sani. Amma na ga abin da ya yi mata, shi ne nake ba da labari.

Daren shimiyo

Wanda bai zauna da mai shan shimiyo ba bai san nauyinsa ba. Maganin yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, na ciwo da na lafiya duka. Shi ya sa gashin kai ke zuba, baki ya yi miki, amai ya ƙi tsayawa. Kwana uku na farko bayan kowane zuwa, Inna ba ta iya riƙe ko kunu.

A ɗaya daga cikin dararen nan na tashi don in sauya ɗiyarta, wadda ta kwana biyu ba ta runtsa ba. Na tarar da Inna a jingine da bango, bakinta yana motsi. Idonta ba ya iya karatu a lokacin, amma ta haddace waɗansu wurare. Wanda ta fi maimaitawa shi ne Zabura ta 23, wadda ake danganta wa Annabi Dawuda, inda aka kwatanta Ubangiji da makiyayi. Ta nuna mini wani abu a cikinta wanda ta ce ta yi shekara talatin tana karantawa ba ta lura ba sai yanzu. Mai zaburar bai ce an kewaye da shi ta wata hanya don kada ya shiga wuri mai duhu ba. Ya shiga. Abin da ya hana shi firgita, akwai mai tafiya tare da shi.

Na ce: "Inna, kina jin tsoro?" Ta ce: "Ina ji mana, ɗana. Ni ba dutse ba ce. Amma ka taɓa tafiyar dare daga kasuwa zuwa gida? Duhun ɗaya ne, ƙayar ɗaya ce. Sai dai tsoron mai rakiya daban yake da na wanda ke shi kaɗai."

Kada mai karatu ya zaci kullum haka take. Akwai ranakun da ta juya fuska ga bango, ta ƙi magana da kowa. Akwai ranar da ta ce ta yi addu'a kamar tana zuba ruwa a rairayi. Da na tambaye ta ko ba laifi ba ne mai bi ya faɗi haka, sai ta ce littafin Zabura cike yake da kukan mutanen da suka tambayi Allah don me ya yi shiru, kuma ba a cire kukan nasu daga littafin ba. Ta ce a irin ranakun nan ba ta iya riƙe Allah, sai ta bar shi ya riƙe ta.

Tambayoyi biyu masu nauyi

Tambaya ta farko da ke cin mai wannan ciwo ita ce: me na yi? A ƙauyensu an yi ta raɗe-raɗi. Wasu suka ce alhakin wani ne, wasu suka ce hukunci ne. Inna ta amsa da labarin Ayuba, wanda mu ma muka san haƙurinsa. A yadda yake a littafinsu, abokansa uku sun zo suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki, sai suka shiga nema masa laifin da ya jawo masa masifa. A ƙarshen labarin Allah ya tsauta wa abokan nan. Inna ta ce kwana bakwai ɗin nan su ne aikin kirkin da suka yi, da sun tsaya nan da sun gama lafiya. Ta kuma kawo labarin wani da aka haifa makaho, almajirai suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, Almasihu ya nuna musu ba ko ɗaya.

Tambaya ta biyu: in Allah yana tare da ni, don me bai warkar da ni ba? A nan ne aka kusa yin ɓarna. Wani baƙon mai wa'azi, wanda ba na majami'arsu ba, ya zo gidana ya yi addu'a da babbar murya. Da ya gama ya ce ta warke, ta zubar da magunguna, komawa likita rashin bangaskiya ne. Ɗiyarta ta ruɗe, ta fara tattara kwalabe. Inna ta ce ta ajiye su. Ta tuna wa baƙon cewa Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa wata wahala da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi ƙarfin ɗaukarta. Ta tuna masa kuma Luka, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan Bishara huɗu, likita ne. Ta ce: "Malam, na gode da addu'a. Amma Allahn da nake bi shi ne ya ba likita ilimi. Ranar Talata ina da layi."

Fastonsu ya zo daga baya tare da dattawa biyu. Suka yi mata addu'a, suka shafa mata mai a goshi, bisa ga umarnin da ke cikin wasiƙar Yakubu game da marasa lafiya. Sun roƙa mata warkewa, ba su ji kunyar roƙo ba. Da suka tashi, faston ya tambayi ranar komawarta asibiti, ya ce zai aiko da mai babur.

Hannuwan mutane

Abin da na fi lura da shi cikin watannin nan shi ne, kasancewar Allah da Inna ke magana a kai, sau da yawa ta hannun mutane take ganinta. Matan nan huɗu ƴan ƙungiyar Zumuntar Mata ne. Sun raba kwanaki tsakaninsu. Wannan ta kawo kunu, wannan ta wanke zannuwa, wannan ta zauna tana yi mata karatu. Gyambon daji yana da wari, har waɗansu dangi na jini suka riƙa gaisuwa daga bakin ƙofa. Ɗaya daga cikin matan, tsohuwar malamar jinya, ita ce ke wanke shi ta ɗaure, ba ta taɓa toshe hanci ba. Maƙwabciyata kuwa, wata Hajiya, kowace safiya sai ta aiko da koko, ta leƙo ta ce Allah ya sa kaffara ne. Inna takan amsa mata da amin, ta ce ita ma Allah ne ya aiko ta. Gaskiyar Bahaushe, zumunta a ƙafa take.

Masana kiwon lafiya ma sun gane wannan. Wata likita Kirista ta ƙasar Ingila, Cicely Saunders, ta buɗe gidan kula da masu ciwon da ba ya warkewa a birnin Landan a 1967. Ta koyar da cewa zafin irin wannan majinyaci ba na jiki kaɗai ba ne. Akwai na zuciya, da na tunanin iyali, da na ruhu, kuma kowane yana ƙara wa ɗan uwansa nauyi. Ita ce kuma ta nace a ba da maganin zafi a kan lokaci, kada a jira sai mutum ya yi kururuwa. Ita kanta ciwon daji ne ajalinta a 2005, a cikin gidan da ta kafa. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin ba da maganin zafin daji mataki-mataki, daga mai sauƙi har zuwa morfin. A Afirka, likita Anne Merriman ta kafa irin wannan aiki a Yuganda a 1993, da morfin na ruwa mai araha wanda majinyaci ke sha a gidansa.

Na ga gaskiyar wannan. Lokacin da ciwon baya ya tsananta, Inna ba ta iya haɗa kalma biyu ta addu'a. Da likita ya daidaita mata maganin zafi, ta sami barci, washegari na ji tana waƙar majami'a a hankali tana tsince shinkafa. Kwantar da zafi ba ya rage wa mutum imani. Yana mayar masa da hankalinsa ne don ya yi ibadarsa.

Abin da ya rage gare mu

Ƴan uwa mata, shekarar nan da Inna ta yi tana ɓoyo ita ce ta fi komi tsada. Ita da kanta ta ce in rubuta haka. Ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya zafi. Kan mama da ya shige ciki ko yake fid da jini. Zubar jini bayan saduwa, ko bayan haila ta ɗauke. Gyambon da ya ƙi warkewa: duk wadda ta ga ɗaya daga cikinsu ta tafi likita a makon nan. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, amma awo ne kaɗai ke bambancewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maza kuma, ku ba da izini da kuɗin mota, kada ku juya wa matar da aka cire wa mama baya.

Malamai da fastoci, jama'a suna jin maganarku fiye da ta kowa. Ku yi wa mara lafiya addu'a, ku kuma tura shi asibiti. Ma'aikatan hukuma da ke karanta wannan fili, ku tuna da masaukin masu zuwa daga nesa, da maganin zafi a likitocin jahohi, domin wanda aka ce ba zai warke ba har yanzu ɗan ƙasa ne, yana da hakki. Mu kuma masu zuwa dubiya, mu shiga ɗaki mu zauna. Kada mu nema wa mai ciwo laifi, kada mu yi masa alkawarin abin da ba a hannunmu yake ba.

Inna ta koma ƙauye bayan girbi. Tana zuwa Yamai duk lokacin da likita ya sa mata. Ba ta iya daka, ba ta iya ɗaukar tulu, amma ran Lahadi jikokinta sukan riƙe ta har majami'a, kuma ta tara mata biyar tana koya musu karatu a zaure. Biyu daga cikinsu ta riga ta tura su awo. Ranar da na raka ta tasha, na ce mata: "Inna, tafiya da nisa, ga jiki ba ƙarfi." Ta ce: "Ɗana, ai ba ni kaɗai ba ce." Na duba, ga ɗiyarta riƙe da jakar magani. Ban tambaye ta wa take nufi ba, domin na san su biyu take nufi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya ba masu jinyarsu haƙuri. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Amin.